"Ina ji, ganewa ce ba na yi": fashin baƙi kan raunin ji da zama da na'urar kunne

Yawancin mutanen da jinsu ya fara raguwa ba za su taɓa yarda sun samu matsala ba, kuma ba ƙarya suke ba, don kuwa suna jin wucewar mota, suna jin an buga ƙofa, suna jin kukan yaro daga ɗaki na uku. Abin da za ka ji suna cewa shi ne "ni fa ina ji, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana". Sai ɗa ya ce Baba ana kiranka a waya, Baba ya ce me, a maimaita, ya sake cewa me, a na ukun ɗan ya ɗaga murya, shikenan Baba ya ɓata rai ya ce to tsawar ta mece ce, ce maka aka yi ni kurma ne? Kowa yana ganin ɗayan ne da laifi, alhali wani abu ne can cikin kunne ya haɗa su faɗa, kuma wanda bai gane abin nan ba, ba zai gane dalilin da ya sa ake sayen na'urar ji mai tsada bayan sati biyu a same ta a durowa ba.

Bari mu fara da yadda sauti yake shiga. Sauti girgizar iska ne kawai. Kunnen nan na waje yana tattaro shi ya zuba a rami, ya je ya bugi dodon kunne, wata 'yar siririyar fata ce a shimfiɗe, sai ta kama rawa. A bayanta akwai ƙasusuwa guda 3 a jere, na ƙarshensu mai siffar likkafa shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a duk jikin ɗan Adam, tsawonsa wajen milimita 3. Aikinsu su ƙara wa girgizar ƙarfi kamar ninki 20 su tura ta cikin wani bututu da ya nannaɗe irin na dodon koɗi, cike da ruwa, likitoci suna ce mishi kokiliya. To a nan maganar take. Cikin bututun akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a ka, wajen 15,000 zuwa 16,000 a kowane kunne, ruwan na motsi suna lanƙwasawa, suna lanƙwasawa suna mai da motsin ya zama saƙon lantarki, jijiyar ji ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar ce take ji a zahiri, kunne kai mata saƙo kawai yake, ku riƙe wannan don za mu dawo kanshi.

Waɗannan ƙwayoyin da aka haife ka da su, su kenan. In ɗaya ta mutu ta mutu, ba ta sake fitowa. Tsuntsaye da kifaye suna sake tsirar da nasu, mu da sauran dabbobi masu shayarwa ba ma yi. Kuma a jere suke kowa da aikinsa: na bakin bututun su suke karɓar sauti siriri mai tsini, na can ƙarshen ciki su suke karɓar mai kauri. Kunnen yaro mai lafiya yana kama girgiza daga 20 har zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya, amma tsufa da hayaniya kusan kullum daga na bakin suke fara ci, wato sirirun sautuka ne suke fara ɓacewa.

Ka ga a magana, wasula irin su a da o da u masu kauri ne kuma su suke ɗauke da ƙarfin murya, su kuma baƙaƙe irin su s da f da sh da ts da t sirara ne marasa ƙarfi amma su ne suke bambanta kalma da kalma. Mutumin da sirirun suka ɓace mishi, in ka ce fara ko sara ko shara ko tsara ko tara, abin da yake isa gare shi kusan ɗaya ne, "ara". Yana jin muryarka, yana jin hawa da saukar maganar, har ya san tambaya kake ko faɗa, amma kalmar sai ya yi canki-canka. In ku biyu ne a ɗaki shiru yana kallon bakinka, ƙwaƙwalwa tana cike gurbin ba tare da ya sani ba. A shiga taro kowa na magana, fanka na juyi, talabijin na yi, sai abin ya watse. Shi ya sa muryar mata da ta yara ta fi ba su wahala, shi ya sa kuma za ka ga mutum ya dawo daga taro a gajiye liƙis kamar wanda ya yi dako, alhali zama kawai ya yi, ƙwaƙwalwarsa ce ta wuni tana ɗinke magana.

Sai kuma abin da ya fi ɗaure wa iyali kai. A cikin ƙwayoyin nan akwai wani rukuni da aikinsu shi ne ƙara wa sauti mai rauni ƙarfi, su ne kuma suka fi saurin lalacewa. In suka tafi, magana a hankali ba ta shiga, amma ƙara mai ƙarfi tana nan da ƙarfinta, wani lokaci ma ta fi yi mishi zafi fiye da mai lafiyar kunne. Wato tazarar da ke tsakanin "ban ji ba" da "ka cika min kunne" ta tsuke sosai. Baba bai ji na farko da na biyu ba da gaske, kuma tsawar ta uku ta dake shi da gaske, duka biyun gaskiya ne.

Ba duk raunin ji ne irin wannan ba fa. Akwai wanda hanya ce kawai ta toshe kafin sauti ya kai ciki: dauɗar kunne ta cushe ramin, ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne bayan mura, ko dodon ya huje, ko ƙasusuwan nan sun ƙage. Irin wannan sau da yawa ana gyara shi da wanki ko magani ko tiyata, jin ya dawo. A nan zan ɗan tsaya kan tsinken audugar nan da mutane suke sosa kunne da shi kullum bayan wanka, wallahi tura dauɗar ciki yake yana danƙare ta, kunne yana fitar da dauɗarsa da kansa, kuma dauɗar ma kariya ce. Kunnen yaro da yake zubar da ruwa ko mugunya wata da watanni shi kam ba abin a zuba mishi ido ba ne, yana cin ji a hankali kuma yana iya haurawa ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahoton da ta fitar a Maris 2021 ta ce mutum sama da biliyan 1.5 ne suke da raunin ji ko yaya yake, miliyan 430 a cikinsu abin ya kai suna buƙatar taimako, kuma zuwa 2050 ana hasashen adadin farko zai kusa biliyan 2.5, na biyun ya haura miliyan 700. Tsufa na ciki, sama da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin da ya kai ya takura musu. Amma wanda ya fi ba ni takaici shi ne na hayaniya, tunda shi da hannunmu muke jawo shi, hukumar ta ce matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗari saboda yadda suke sauraren abu da ƙara.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma lissafinsa yana da yaudara. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. Za ka ga 85 da 88 kamar ba wani bambanci, amma duk ƙarin 3 ninka ƙarfin yake sau biyu. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce 85 awa 8 ne iyakarsa a rana, 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in an kai 100 minti 15 kacal. To wayar da ke hannunka in ka ƙure mata ƙara da iyafis a kunne tana iya kai 100 ko ta wuce, ga injinan masana'anta, ga injin yankan katako, ga tsayuwa a gaban lasifika a wajen taro, harbin bindiga kusa da kunne shi kam sau ɗaya ma ya isa. Hanya mai sauƙi ta ganewa, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu ɗaya da kai ya ji ka, wurin ya kai matakin cutarwa. Ka taɓa fitowa daga wuri mai ƙara ka ji kunnenka ya yi dum yana wani siririn kuka, washegari ya washe? Mutane suna ɗauka ya warke tas, amma kowane irin wannan yana iya barin ɓarna kaɗan, sai an tara shekaru abin ya fito fili. Kukan kunnen nan kuma ga wasu ba ya tafiya, dare da rana yana nan, ya fi damunsu in wuri ya yi shiru za su kwanta.

Akwai cututtuka, sanƙarau, ƙyanda, hangum, rubela in ta kama mai ciki, shawara mai tsanani a jariri, wahalar haihuwa da jariri ya rasa iska, da kuma gado. Kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da za a iya kaucewa ne, riga-kafi kaɗai yana rage da yawa. Akwai magunguna ma masu taɓa kunne, irin su allurar jentamaisin da sitireftomaisin da kanamaisin, da maganin ciwon daji sisfilatin, da kwinin, da asfirin in an sha da yawa. Ba ana nufin a guje su ba ne, wasunsu ceton rai suke, ana nufin kar mutum ya rubuta wa kansa, in kuma likita ya ɗora ka a kai ka fara jin kunne na kuka ko jiri, ka faɗa mishi a ranar.

Guda ɗaya da nake so kowa ya haddace: ka kwanta lafiya ka tashi kunne ɗaya ya ɗauke, ko ya ɗauke cikin kwana 2 ko 3 ba ciwo ba komai, wannan na gaggawa ne. Mutane suna cewa dauɗa ce ko sanyi ne su jira wata guda, alhali in daga kunnen ciki ne maganin da ake bayarwa ya fi aiki a cikin sati 2 na farko, bayan nan damar tana raguwa sosai.

Gwajin ji ba ya da zafi. Za a sa ka a ɗaki mara hayaniya da abin sauraro a kunne, ana sako sautuka daga mai kauri zuwa siriri kana danna maɓalli duk sanda ka ji, a zana sakamakon a takarda kowane kunne daban. Wanda yake jin ƙasa da desibel 20 lafiya lau yake, 20 zuwa 35 rauni kaɗan, 35 zuwa 50 matsakaici, haka yake hawa har 80 zuwa sama inda ko an yi ihu da ƙyar. Takardar nan ita ce tushen komai, don da ita ake saita na'ura.

Yanzu na'urar. A cikinta akwai makirfo mai ɗaukar sauti, da 'yar ƙaramar kwamfuta mai sarrafa shi, da 'yar sifika mai zuba shi a kunne, da batir. Da can mutane ƙaho suke karawa a kunne, ta lantarki ta fara fitowa ƙarshen ƙarni na 19, ta ƙanƙance a shekarun 1950 da aka samu tiransisto, sai a tsakiyar shekarun 1990 masu kwamfuta a ciki suka shiga kasuwa. Abin da ta zamani take yi shi ne ta raba sauti kashi-kashi, ta ƙara wa sirirun da ka rasa ƙarfi, ta bar masu kaurin da kake ji yadda suke, ta ɗaga magana mai rauni sosai, ta ɗaga matsakaiciya kaɗan, mai ƙarfi kuma ta danne ta don kar ta dake ka. Wato tana ƙoƙarin cusa duk sautin duniya a cikin 'yar tsukakkiyar tazarar nan da ta rage maka. Nan ne bambancinta da abubuwan ƙara sauti na araha da ake tallatawa a intanet, su komai suke ɗagawa baki ɗaya, ƙarar mota da maganar da kake nema, sai mutum ya sa ya ji duniya ta zama hayaniya ya cire ya ce ai na gwada na'urar ba ta aiki. Bai gwada ba.

Amma ko ta gasken ce, kar a yaudari kowa. Mutane suna zuwa da tunanin tabarau, ka sa ka ga rubutu ya fito tar a take. Tabarau yana gyara hanyar haske ne zuwa idon da cikinsa lafiya lau, ita kuwa na'urar ji tana tura sauti ne zuwa kunnen da cikinsa ya riga ya lalace, ƙwayoyin da suka rage su za su yi aikin waɗanda suka mutu. Tana taimakawa ƙwarai, amma ba ta mai da kunnen shekara 20.

Satin farko shi ne inda ake faɗuwa. Raunin ji a hankali yake zuwa, mutum ya yi shekaru bai ji wasu sautuka ba har ƙwaƙwalwa ta manta da su, rana ɗaya a dawo mata da su duka. Sai ya ji takalminsa na ƙara a ƙasa, takarda in an buɗe kamar ana yaga ta a cikin kunnensa, cokali ya taɓa faranti ya zabura, firji ashe ƙugi yake, ruwan famfo kamar ana ruwan sama a kan kwano, taunarsa ma yana ji, muryarsa kuma ta koma wata iri tana amsa-kuwwa a cikin kansa saboda an toshe ramin kunnen. Mai lafiyar kunne duk yana jin waɗannan amma ƙwaƙwalwarsa ta iya watsar da su, ta wannan sai ta sake koyo, kuma ba ta koyo in ba a ba ta sautin kullum ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye na'urar sai za a fita taro a ɗauko, wato an kai ta wuri mafi wahala ba tare da sabo ba. Daidai shi ne a fara a gida inda ba hayaniya, ana ƙara awanni har ta zama daga tashi zuwa kwanciya, makonni ne wani ma watanni kafin abin ya zauna. Kuma a koma wurin wanda ya saita ta, sau biyu sau uku ba laifi ba ne, a gaya mishi takamaimai, ƙarar kwanuka tana damuna, muryar jikata ba ta fita. Akwai gwajin da ake zura siririn bututu a kunne tare da na'urar a auna ainihin abin da yake isa dodon kunne, in wurin suna yi a nema, don ramin kunnen kowa daban ne. In kunne biyu ne suka raunana, biyu ake sawa, da su ƙwaƙwalwa take gane daga ina sauti ya fito kuma take tsamo murya ɗaya a cikin hayaniya.

Sai hidimar yau da gobe, wadda ba a cika faɗa wa mutum ba sai ya gani. Maƙiyanta biyu ne, danshi da dauɗar kunne. Yawancin ranar da aka ce na'ura ta mutu, in an duba 'yar matatar bakin ce ta toshe, a canza ta a minti ɗaya ta tashi. Ba a wanka da ita, ba a barci da ita, da dare a goge a sa a abin busarwa. Batiranta na cirewa lamba huɗu ne kowanne da kalarsa, 10 ruwan ɗorawa, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi, kuma da iska suke aiki, akwai 'yar takarda manne a baya, in ka ɓare ta ka jira kamar minti ɗaya kafin ka sa, in ka ɓare kuma ya fara ci kenan ko ka mayar da takardar. Ƙananan kwanaki kaɗan suke yi, manyan su kai sati biyu ko fiye. A ɓoye su daga yara don haɗiye su haɗari ne babba. Yanzu masu caji sun yi yawa, sun fi sauƙi ga tsofaffin da hannunsu ke rawa. Fito ɗin nan da take yi in an rungume mutum ko ya sa hula, sautin ne yake zillowa daga kunne ya koma makirfo, yawanci ba ta zauna daidai ba ne ko dauɗa ta taru. Ga yaro kuma kunne na girma, dole a riƙa sake mishi abin da ke shiga ramin.

Duk da haka a wuri mai hayaniya tana da iyaka, makirfonta ya fi kama abin da ke kusa, mita ɗaya zuwa biyu. Nan aikin iyali yake shigowa kuma ni a ganina rabin nasarar a hannunsu take. Ka kira sunansa ya juyo kafin ka fara, ka fuskance shi haske na kan fuskarka, kar ka yi magana daga wani ɗaki ko hannu a baki, ka rage sauri ba tare da ka ja kalmomi ba, in bai gane ba canza kalmar maimakon maimaita ta da ƙarfi. Abin da ya fi ciwo kuma shi ne ya ce me kuka ce a ce mishi "bar shi kawai ba komai". Daga irin wannan ne mutum yake fara janyewa, a yi dariya ya yi murmushin da bai san dalilinsa ba, gobe ya ce ba zai fito ba, a ce tsufa ya sa shi ƙin mutane.

Wannan janyewar tana cikin dalilan da ake danganta raunin ji da cutar mantuwa. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet a 2020 ya sa shi a sahun gaba cikin abubuwan da za a iya magancewa masu alaƙa da cutar. Sai dai masu talla sun ɗauki maganar sun wuce da ita. Babban gwajin da aka yi a Amurka aka fitar a 2023, mutum 977 'yan shekara 70 zuwa 84 aka bi tsawon shekara 3, a jimlace ba a ga bambanci tsakanin masu na'ura da marasa ita ba, amma a rukunin da suka fi haɗarin kamuwa raguwar kaifin tunani ta yi sauƙi da kashi 48 cikin 100. Labari ne mai daɗi, amma wanda ya ce maka na'urarsa riga-kafin mantuwa ce ciniki yake nema. Jin maganar iyalinka ma ya isa dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2021 ta ce kashi 17 cikin 100 ne kawai na masu buƙatar na'urar suke amfani da ita, tsada na ciki, ƙarancin ƙwararru na ciki, kunya ma na ciki, ko da yake yanzu kowa da abu a kunne yake yawo, wa zai tsaya duba naka. Amurka ta buɗe ƙofa a Oktoba 2022 manya masu rauni kaɗan zuwa matsakaici su saya ba tare da takardar likita ba, a Satumba 2024 kuma aka amince iyafis ɗin kamfanin Apple mai suna AirPods Pro 2 ya yi wannan aikin. Wannan ba na yara ba ne, ba kuma na wanda kunne ɗaya ne ya ɗauke ko yake zubar ruwa ko yake jiri ba, su likita za su fara gani.

In raunin ya kai inda na'ura ba ta da abin da za ta tura wa sauti, akwai dashen kokiliya, tiyata ce ake zura siririyar waya cikin bututun nan ta tsallake matattun ƙwayoyin ta taɓa jijiyar kai tsaye, irin mai layuka da yawa an fara dasa ta a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1977 da Ostareliya a 1978. Ita ma sai an yi watanni ana koyon ji da ita. Ga jarirai lokaci ne komai, tunda a shekarun farko ƙwaƙwalwa take kama harshe, ƙa'idar da ake bi ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimaka mishi kafin wata 6. Taimakon kuma ya haɗa da maganar hannu, harshe ne cikakke mai nahawunsa, kowace al'ummar kurame da nata, kuma koya wa yaro ita da wuri ba ya hana shi koyon magana da baki in an sa mishi na'ura ko an yi mishi dashe.